Ɗanhausa mai feshi da hancin Alhaji Rabo

Ina cikin takaba darɓa ta sauka a kan ɗan waken da maigidana ya shuka a bayan gida. Ta katanga nake leƙensa. Ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe sun manne a tsiron ganye suna tsotsa, ganyen ya nannaɗe, yana danƙo. Ban faɗa wa kowa ba. Wata safiya na ji ƙarar famfon feshi a bayan ɗakina. Da aka gama sai aka ɗaga murya:

"Gwaggo, Ɗanhausa ne. Kada ki tsinki ganyen nan sai bayan sati biyu. Ki kuma ɗaure akuyarki."

Kafin in ce an gode ya wuce.

Ɗanhausa mutumin unguwar Maguzawa ne da ke kusa da Tafoki. Ubansa bai bar al'adar kakanni ba, shi kuwa coci yake zuwa. Gajere ne, kafaɗarsa ta hagu ta karkace saboda goyon tankin feshi. Ba shi da gonar kirki, feshin nan shi ne abincinsa da na iyalinsa. Ba ya yi da rana tsaka, ba ya yi in iska ta taso, kuma kullum hancinsa a rufe da ƙyalle. Masu wucewa su ce masa amarya, ya ce ango ya zo ya karɓi tankin mana.

A wajenmu da wari ake sanin magani. In mutum ya shiga gona bai yi tari ba, idonsa bai yi ruwa ba, to ba a yi feshi ba. Shi ya sa wasu ke ninka awo har furen wake ya ƙone, darɓa kuwa ta riga ta saba da tsohon maganin, tana nan daram.

Shekara biyu da suka wuce Ɗanhausa ya samo wani sabo a kasuwar Yankara. Murfi ɗaya ya ishi tanki, kuma ba ya wari ko kaɗan. Ya fara da gonar Alhaji Rabo, wanda ya fi kowa wake a garinmu, wanda kuma in ya yi magana sai ta zama ta kowa. Alhaji ya tsaya bakin gona ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Kai Ɗanhausa, wanka ka yi wa waken nawa?"

"Alhaji, a ba shi kwana uku."

"Kwana uku? Ni nan ko atishawa ban yi ba!"

Washegari Alhaji ya sa aka maimaita da tsohon mai wari. Darɓa ta mutu, yabo ya tafi ga tsohon. Kafin Juma'a labari ya kai Yankara cewa Ɗanhausa ruwan rijiya yake fesa wa mutane. Tankinsa ya yi sati uku a rataye, ana tsakiyar furen wake, lokacin da a da ko zama ba ya samu.

Ni daddawa nake yi. Ranar da nake wanke kalwa Ɗanhausa ya yi sallama a ƙofar gida, hancinsa a sama kamar na akuya.

"Gwaggo, ruwan nan da kike zubarwa, a ba ni shi."

"Me za ka yi da ruwan kalwa?"

"Zan shanya shi a jarka kwana huɗu."

Na gane, na kuma ga yadda ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai na ce, "Ɗanhausa, ba na shiga ha'inci."

Ya ce, "Wake zai sha maganinsa na gaskiya, awo daidai. Wannan na hancin Alhaji ne."

Na yi istigfari, na cika masa jarka.

Ya je ya ce wa Alhaji ya samo mai ƙarfi, a gwada shi sau ɗaya. Shi ya lura, ni ma na lura, Alhaji bai taɓa shiga cikin kunyoyin wake ba, ƙarƙashin wata bishiyar bedi yake tsayawa don kada raɓa ta jiƙa masa wando. Ɗanhausa ya fesa wa waken sabon magani, sannan ya yayyafa ruwan kalwa a gindin bediyar. Alhaji ya iso, ya shaƙa sau ɗaya, ya ja da baya yana tari, hula a hannu.

"Yawwa! Ka ji magani! Don me ka ɓoye mani wannan?"

Hajiya Amatullah, matarsa, ta ce mini ranar sai da ta jiƙa masa babbar riga har sau biyu, tana mamakin maganin zamani da ƙudaje ke bi. Ta kalle ni, na kalli tabarma.

Aiki ya dawo wa Ɗanhausa har yana juya mutane. Kowa sai ya ce a yi masa irin na Alhaji. Ni kuwa na faɗa masa, duk ranar da aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ya ce in bar shi ya kai kaka, shi zai faɗa da bakinsa.

Ya cika alkawari. Ana sussukar wake ya sami Alhaji a gaban mutane ya zayyana masa komai, har jarkar ya kawo. Aka yi ta dariya. Alhaji bai yi ba. Ya buɗe jarkar, ya shaƙa, ya rufe, ya ce ashe ruwan kalwa ne ke kashe darɓa, shi dama ya san wancan marar warin ba ya komai. Duk bayanin Ɗanhausa bai shiga ba.

Da yamma Ɗanhausa ya zo ƙofar gida ya tsuguna, yana share hawayen dariya da ƙyallen hancinsa.

"Gwaggo, Alhaji ya ce baɗi ni zan yi mashi gonakinsa duka. Amma ya ce a ƙara ƙarfi. Don Allah in kin tashi wanke kalwa, ki rage ruwa."