Cinikin da Malam Haliru ya ci ni

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Malam Haliru makwancinsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kebbe da Fakku. Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma tare muka yi kiwon awaki kafin shi ya bi allo da boko, ni na bi jakuna zuwa kasuwar Tambuwal. Masu rubutu irin wannan sukan cika shi da yabo. Ni dillalin hatsi ne, ban saba yabon kaya fiye da yadda suke ba. Haliru mutumin kirki ne, ina yi masa addu'a kullum, kuma har gobe ina kishinsa. Dalilin kishin shi ne babban ɗana.

A wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa. Ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in ma an yabe shi sai ka kau da kai kamar ba ka ji ba. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ubana. Nawa yaron kuma abin ya zo biyu, domin sunan mahaifina aka sa masa. Saboda haka tun da ya fara tafiya, in zan aike shi sai in ce, "Kai." In zan tambayi uwarsa sai in ce, "Ina wancan?" Ita ma ba ta fi ni ba. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya. Kunya ce, kuma mai kunyar ɗa shi ake kira mai mutunci.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, aka dasa mana ajujuwa biyu a bayan gari. Hakimi ya aiko kowane gida ya ba da yaro. Mutane suka yi ta ɓoye 'ya'yansu a rumbu da gonakin dawa. Ni na ba da nawa ba gardama, don na riga na ga yadda masu rubutu suke juya mu a tasha da ma'auni. Maƙwabta suka ce ai ba wuya mutum ya ba da ɗan da ba ya ko kallo. Na ji, na ƙyale su. Aka ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa, ya kamo, aka ɗauke shi. Malamin da aka turo wa ajin kuwa Haliru ne, yana sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, da kekensa na bashi da riga mai aljihu a ƙirji.

Ranar farko ina wurin, domin ni na samu kwangilar kai bencina. Ana sauke su daga a-kori-kurar da na yi haya, sai na tsaya jikin taga. Na zaci zan ji an fara koyar da baƙaƙe, a, ba, ca. Sai na ji Haliru yana cewa, "Kafin mu taɓa alli, ciniki za mu yi. Akwai abin da nika binku, akwai abin da kuka bina." Da na ji kalmar ciniki sai na gyara tsayuwa.

Ya fara da nasu. Ya ce duk wanda bai gane ba yana da ikon ya tambaya, ko sau nawa ne, kuma ba mai yi masa dariya. Ya ce wanda ya zo da ɗumamen tuwo ko ƙosai nasa ne, babban yaro ba zai ƙwace ba. Ya ɗaga bulalar da aka ajiye masa a kan tebur ya nuna musu, ya ce ba zai ce ba zai taɓa amfani da ita ba, amma ba za ta sauka a jikin kowa ba sai ya ji ta bakinsa tukuna, an kuma gaya masa laifinsa. Sannan ya juyo kan nasa. A zo da wuri, a wanke ido, a share aji, in wani yana magana a bari ya kai aya. Ya sa suka maimaita, kamar yadda ake tafa hannu in an gama ciniki.

Daga nan ya ce abu na farko da kowane yaro yake binsa shi ne a kira shi da sunansa, wanda aka yanka masa rago aka raɗa. Ya bi layi yana tambaya. Wani ya ce Tanko, ya ce wannan laƙabi ne, na yanka yake so. Har ya zo kan nawa.

"Kai fa, mi as sunanka?"

Yaron ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Wancan."

Aji ya fashe da dariya. Haliru ya ɗaga hannu, ya ce, "Mi munka ce kan dariya?" Suka yi tsit. Ya san sunan sarai, shi ya riƙe ƙafar ragon ranar suna. Ya tsuguna gaban yaron ya faɗi sunan da ƙarfi, ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Da ya miƙe sai idonsa ya faɗa kaina a taga, ya yi irin murmushin nan na taubashi. Yaron kuwa ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ni na sayi ragon, ni na ciyar da gari, amma a bakin Haliru ya karɓi sunan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a yi wata biyu ba cinikin ya biyo shi gida. Na dawo daga Dogon Daji na tarar jakina ya shiga gonar maƙwabci ya yi ɓarna, kuma yaron ne aka bar wa ɗaure shi. Na ciro tsumagiya. Bai gudu ba, bai yi kuka ba. Ya ce, "Baba, ba ka ji ta bakina ba." Uwarsa ta dafe ƙirji. Ni kuma hannuna ya tsaya a sama, ba don na yarda ba, sai don mamaki. Ashe ƙanena ne ya kwance jakin ya ɗebo ruwa ya manta da shi. Wannan bai sanyaya mini rai ba. Na wuce gidan Haliru, na same shi yana gyaran sarƙar keke.

Na ce, "Malam, karatu anka ba ka ko raba mutane da ɗiyansu?"

Ya ce, "Alhajin gobe, zamna ka sha ruwa. Kai da ba ka sayen buhu sai ka soka ka ga ƙwaya, shi yaro bai kai buhun gero daraja ba?"

Na ce, "Gidana ba aji ba ne."

Ya ce, "Gaskiya ne. A ajina yara sun san mi anka hana da mi anka bari. Gidanka sai sun dubi hancinka su gane."

Na ce masa malamin da ake bi bashin gishiri ba shi zai koya mini riƙon gida ba. Ya yi dariya har ya saki sarƙar, ya ce to in biya masa bashin gishirin tun da na tuna. Na biya. Haka muke da shi.

Daga nan na shiga gasa da shi, kuma na shiga da abin da nake da shi. Shekarun nan kasuwa ta buɗe. Na bar jakuna, na sayi motata, na kama shago a Tambuwal, na ƙara siminti da kwanon rufi a kan hatsi. Duk abin da ɗan wani bai samu ba nawa ya samu. Takalmi, agogo, har keke sabo a lokacin da na malaminsa ya tsufa. Amma ba na iya miƙa masa da hannuna, sai in ba uwarsa in ce, "Ba wancan." Ranar da aka ba shi keken, ina zaune a zaure ina jira ya zo ya yi godiya in kau da kai. Sai na ga ƙurarsa ya nufi gidan Haliru don ya nuna masa. Da yamma ya zo ya durƙusa ya gode, cikin ladabi, a gajarce. Wajen Haliru kuwa an ce sai da suka zagaye gari, malam a gaba, shi a baya.

Ba zan ce hassada na yi masa ba, don ban taɓa so ya rasa abin da yake da shi ba. Me ma yake da shi? Albashin da wani lokaci sai a yi wata da watanni ba a gani ba, da ɗaki biyu na laka. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne in wuce makarantar in hango ɗana yana ɗaga hannu yana zuba magana, alhali a gabana kalmominsa ba su wuce "to" da "na'am" ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Haliru ya tona a filina, ya sha.

Da yaron ya gama aji shida na riga na shirya masa wuri a shago. Ɗan fari shi ne magaji, kuma yana da kai, ya fi ni saurin lissafi. Sai na ji a gari cewa kwalejin malamai yake so, kuma ya je ya gaya wa Haliru. Na ce shi ke nan, an gama da ni. Na zauna ina jiran Haliru ya zo roƙo in wanke shi tas. Bai zo ba. Yaron ne ya zo da kansa bayan la'asar, ya zauna nesa da tabarmata, ya ce yana da magana. Ya faɗi abin da yake so da dalilinsa, bai yi rawar murya ba. Sannan ya ce, "Malam ya ce shi ba ya da ta cewa. Ya ce kai ad da haƙƙi bisa kaina, in ka ce shago, shago za ni, kuma kar in ɓata rai." Ya tsaya yana jira in kai aya.

Wannan ce doguwar magana ta farko da muka taɓa yi da shi. Na ji daɗinta, kuma na san wanda ya aiko mini da ita. Da Haliru ya ja yaron da ƙarfi da na ja, kuma da na ci, don ni ke da kuɗi da iko. Sai ya sakar mini igiyar gaba ɗaya. Duk dillali ya san wannan dabara, ka bar wa mutum kaya a hannu ka ce ya faɗi abin da ya ga dama, kunya ta sa ya biya fiye da kima. Na ce ya tafi. Shagon ƙannensa suka gada.

Yanzu in na wuce makarantun firamare nakan tambayi kaina abin da Haliru zai ce. Yara cike har bakin taga, malami ɗaya, wani ma ba ya sanin sunan rabinsu har shekara ta ƙare. A rediyo kuma kullum ana maganar haƙƙin yara, da manyan kalmomi, a bakin mutanen da suka zo da mota suka koma kafin azahar. Ina jin zai saurara ya gyaɗa kai, sannan ya tambaya ina rabin cinikin, wato abin da ake bin yaron. Shi bai taɓa ba da ɗaya ba tare da ɗayan ba. Ina kuma jin zai yi dariyar iyayen yanzu, da suke ɗaukar ɗan fari a kafaɗa suna kiran sunansa a tsakiyar kasuwa, amma in yaron ya buɗe baki idonsu na kan waya. Zai ce mun bar kunyar, ba mu kama sauraron ba.

Da ciwo ya kwantar da Haliru, ɗana ne ya yi ta kai shi asibiti a motata. Da ya cika, shi ya shiga kabari ya karɓe shi tare da 'ya'yan cikinsa. Ina tsaye a sama ina addu'a, kuma Allah ya sani, wani gefen zuciyata yana tambaya ko haka zai yi kuka a kaina. Da aka haifa masa ɗa namiji bayan nan ya zo ya ce yana neman izini ya sa masa Haliru. Izini ya nema, ta ina zan hana? Ni na sayi ragon, kuma na zaɓi babba.

Bara ƙafa ta kayar da ni, na yi watanni a kwance. 'Ya'yan da na ɗauka a kafaɗa na yi wa wasa sun yi ƙoƙari, sun turo kuɗi ta waya, sun sayi magani, Allah ya yi musu albarka. Shi babban kuwa, da furfurarsa da aikinsa na shugaban makaranta, duk Juma'a sai ya hau babur ya biyo hanyar nan mai ramuka ya zo Tambuwal. Da likita ya fara yi masa bayani a kaina kamar ba na ɗakin, sai ya ce, "Likita, shina ji. Shi za ka gaya ma, shi ad da ƙafar." Sannan ya juyo ya ce, "Baba, mi kaka so a yi?" Ya tsuguna, ya jira har na gama, bai katse ni ba. Na dubi tsugunon nan da jiran nan, na san ba a gidana ya koye su ba.

Na yi lissafin abin da kowannenmu ya bari. Ni ina da shaguna da gidaje, za a raba su a yini ɗaya, wataƙila da rigima. Haliru bai bar abin da ya isa a kira alƙali ba. Amma a tsufana, abin da ya fi yi mini amfani a duniya shi ne mutumin da ya gyara a ajinsa, ya maido mini ba tare da ya karɓi la'ada ba. Da ya karɓa da na huta, don wanda ka biya ba ya binka komai. Allah ya yi maka rahama, ɗan gwaggo, ya haskaka makwancinka. Ka ci ni a wannan ciniki, ka kuma tafi ba ka tsaya na rama ba.