Maganin Nano a Kunun Maijego

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwaje na sashen haɗa magunguna, ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni Dukawuya duba wata maijego ba. Mulkin farar hula ya kwana biyu da dawowa, malamanmu suna ta fita waje ƙaro ilimi, kowa ya dawo ba shi da zance sai nano. Ga wanda bai sani ba, magani ne ake mayarwa ƙwayoyin da ido ba ya gani, a lulluɓe kowace da ɓawo don kada ta buɗe sai ta isa inda ake so.

Namu maganin gari ne na ƙarin jini, na masu ciki. Tsamin ciki ba ya cin ɓawonsa, sai ya kai hanji yake narkewa. Mun gwada shi a ruwa, a koko, a kunun tsamiya, lafiya lau. Don haka muka ce wa matan da ke cikin bincikenmu su dama a kunu su sha.

Rabi ce ta fara haihuwa cikin matan, kuma ta zubar da jini sosai. Aka ce ta ci gaba da sha, amma jininta sai ƙasa yake yi. Likita ya ce in awo na gaba bai nuna tashi ba, kwantar da ita za a yi a ƙara mata jini, ga jaririya tana shan nono. Farfesan da ke jagorantar binciken ya kira ni.

"Malama Hadiza, je ki gano min. Ina zargin ba ta sha."

Na tarar da ita a gidansu, ta zo wankan jego, idonta fari fat. Tausayinta ya kama ni. Mahaifiyarta, Hajiya Umma, ta ji tambayata ta harzuƙa.

"Ba ta sha? Ni da hannuna nake dama mata! Zauna ki gani."

Ta ɗebo kunu mai zafi, ta zazzage garin a ciki. Nan take kunun ya yi duhu, ƙarnin ƙarfe ya taso. Na ce, "Hajiya, wane kunu ne wannan?"

"Ikon Allah! 'Yar Kano ce ke kuwa? Maijego me take sha in ba kunun kanwa ba?"

Kanwa tana kashe tsami kamar yadda hanji yake yi, wato tun a kwano ɓawon yake fashewa, maganin ya lalace. Da na gaya wa Farfesa, dafe kai ya yi. "Ni ma fa da kunun kanwa aka yi jegon haihuwata," in ji shi.

Hana Hajiya kanwa kam ba ta taso ba. Na koma muka yi ciniki: magani da safe a kunun tsamiya, na kanwa kaɗan sai bayan la'asar. Awo na gaba jinin ya motsa, ba a kwantar da Rabi ba. Da na je yi musu barka, Hajiya ta dube ni ta ce, "To, kin dai ga aikin kanwa."

Ban yi musu da ita ba. Abin da nake gaya muku, ku sababbin ɗalibai, shi ne: duk ƙanƙantar ƙwayar da kuka haɗa, ba daga na'urarku take shiga jini ba. Sai ta bi ta hannun wata uwa tukuna, kuma ita ba ta zo ajinmu ba. Ku je ku ga kwanonta.