Farin Wandon Nicanor

A garinmu na Baní, in namiji ya dawo daga asibitin Santo Domingo bayan an yi masa aikin furostet, ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsara, tela Nicanor Peguero ne ke fara sanin yadda aikin ya ƙare. Mutum zai shigo shagonsa yana kame-kame, ya ce a ɗinka masa wando mai duhu, a saki hantsar. Nicanor ba ya tambaya. Ya san fitsari ne ya daina jin magana, ana neman wurin da ƙunzugu zai zauna.

Ni ma na je. Ni ne Casimiro, ni na riƙe 'yarsa Yudelka a coci ranar da aka yi mata baftisma, don haka babu kunya tsakaninmu. Yana zagaya ƙuguna da tef ya ce, "Kai mutumina, sun mayar da kai jariri ke nan?"

Na ce, "Jaririn da ke numfashi dai. Auna ka ba ni wuri."

Shi kuwa tun muna samari fararen wanduna yake sawa, masu guga kamar wuƙa. Da su yake rawa ranar Asabar, da su yake zama teburin wasan domino, ko ɗigon kofi ba ka gani a jiki. Wallahi har haushi yake ba mu.

Sai ciwon ya zo kansa. Likita ta ce ciwon daji ne, irin mai saurin tafiya, amma bai fita daga wurinsa ba tukuna. Ta ce ya zaɓa: a yi aiki a cire, ko a gasa shi da hasken da muke da shi a nan. Yudelka kuma, da ke aikin jinya a Florida, ta bugo waya ta ce can akwai wani haske da ake kira furoton, wanda ke tsayawa daidai kan ciwon, bai cika taɓa naman da ke kewaye ba. Ta ce za ta nema masa takardun zuwa.

Ina zaune a ɗakin lokacin da ya kawo wa likita maganar. Ta ce, "Baba Nicanor, wannan hasken ba ƙarya ba ne. Amma ban ga shaidar da za ta sa in rantse maka ya fi namu warkar da irin ciwonka ba, kuma shi ma yakan bar nasa tabon. Ba dole ne kowa ya ƙare da ƙunzugu ba. Abin da nake tsoro jira ne."

A motar komawa gida na sa shi gaba. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Casimiro, likitar nan lissafin takarda ta sani. Ni na auna ku ɗaya bayan ɗaya. Na ga yadda kuke zama a gefen kujera. Wane ne cikinku ya sake taka rawa?"

Ni ma ban sake ba.

Haka ya zauna jiran takardu. Yau a ce saura hoton asibiti, gobe a ce sai an ga likitan can, jibi a ɗaga ranar ganawa. Matarsa Ercilia ta yi kuka, ta yi faɗa, ta daina dafa masa dakakkiyar ayabar da yake so da safe, duk a banza. Ta ce masa, "Da wando na yi aure ko da kai?" Ya yi dariya ya ci gaba da taka keken ɗinki. Ni kam raina ya ɓaci, na yi wata ban leƙa shagon ba.

Bayan Kirsimeti bayansa ya fara ciwo. Ya ce zaman keke ne. Da na koma, na tarar ya shimfiɗa baƙin yadi a tebur yana zana shi da alli, hantsar a sake.

Na ce, "Na wa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka raka ni wurin likitar nan ranar Litinin. Na yarda a yanka."

Muka je, aka sake hoto. Ciwon ya riga ya shiga ƙashin baya da na ƙugu. Likita ta ce yanzu ba maganar wuƙa, ba maganar furoton, sai allurai da abin rage zafi. Takardun Florida sun iso yana kwance, Ercilia ta jefa su cikin akwatin zare.

Allurai suka riƙe shi wani lokaci, sannan suka sake shi. Ya rame har wandunansa suka daina zama a ƙugunsa. A watannin ƙarshe ƙafafunsa suka mutu, fitsari ya ƙwace, Ercilia ke canza masa ƙunzugun da hannunta. Bai taɓa bari mu gani ba, amma warin ɗakin na faɗa mana.

An binne shi cikin farin wando, Yudelka ce ta goge shi. Baƙin wandon da ya ɗinka wa kansa Ercilia ta ba ni, don girmanmu ɗaya. Shi na sa ranar. Fada, limamin coci, ya ja addu'a da tsawo, na ji na jiƙe ina tsaye a bakin kabarin, kuma ko mutum ɗaya bai lura ba. Ɗinkin ya yi kyau, Nicanor, Allah ya isa tsakanina da taurin kanka.