Ashanar da Na Bari Ajiya a Dajin China

Ku yi haƙuri da rubutuna, ni ba 'yar boko ba ce, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na yaye 'ya'ya huɗu. Amma abin da zan faɗa muku, wallahi da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma har yau ban samu wanda ya warware mini shi ba.

Shekara shida ke nan. A lokacin ina zuwa Guangzhou saro kayan yara a kasuwar Canaan, ina sauka a wani ƙaramin masauki a Sanyuanli. Ɗan farina kuma yana karatun injiniya a wata jami'a a garin, sunansa ba ya faɗuwa a bakina, a gida Babangida muke ce masa. Saura wata huɗu ya gama, kuma a cikin watan nan ne za a sabunta masa takardar zama. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san takardar baƙo kamar ƙwai take a cokali. Laifi ɗaya aka rubuta maka, ko da na tsallake igiyar da aka tare hanya da ita ne, sai a ce ka tattara, shekara biyar ta tafi a banza.

To ni Allah Ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Wata rana a shago na ga yarinyar laoban, wato mai shagon, tana kallon hoto a waya, itatuwa fari fat kamar an barbaɗa musu gishiri. Na ce mene ne wannan? Babangida ya tambaye ta, ta ce ƙanƙara ce ta kama rassa, a kan duwatsun arewacin jiharsu, tafiyar kamar awa huɗu. Na ce ikon Allah, ƙanƙara a kan bishiya ba a firji ba? Tun daga nan abin ya tsaya mini a rai, ina ta tambaya kamar yarinya, tana narkewa ne, tana da ɗanɗano, ganyen ba ya mutuwa?

Mai haɗa mana kaya zuwa jirgin ruwa wani bawan Allah ne mutumin Maraɗi, Malam Isufu, ya daɗe a can har yana da lasisin tuƙinsu. Yana da wata doguwar mota da yake kira kat-kat, kuma ba shi da abin sha'awa a duniya irin ya bar kwalta ya shiga hanyar ƙasa ta cikin duwatsu. Da ya ji zancen sai ya ce, "Hajiya, ai wannan aikina ne. Amma lokacin sanyi wahala gare shi, daji ya bushe, suna tsoron gobara, sai su bi hanyoyin daji suna rufewa. Wadda ke buɗe jiya, yau ka tarar da ƙarfe a gicciye. Sai an nema."

Na ce, "Malam Isufu, in dai sai an tsallake abin da hukuma ta rufe, na haƙura da ƙanƙarar. Yaron nan takardarsa na hannun mutane."

Ya dafa ƙirji ya ce shi ma parmi ɗinsa, wato lasisin tuƙin, ba a bola ya tsince shi ba. Babangida yana dariya ya ce, "Umma, ke da kika taso da maganar, ke ce kuma matsoraciyar?" Na ce e, na ji, amma ku yi mini alkawari. Suka yi.

Kwana biyu suna nema. Na zauna ina kallonsu, abin ya ba ni sha'awa. Babangida yana karanta sanarwar hukumar daji a waya da rubutun nan nasu mai kama da tafiyar kaza, Malam Isufu ya shimfiɗa wata tsohuwar taswira yana soke hanyoyi da jan biro, yana kiran abokansa 'yan China masu irin motarsa yana tambaya. A ƙarshe hanya ɗaya ta rage: a shiga ta wata ƙofa, a hau har wata mararraba, a ɗauki dama.

Muka fita bayan asuba. Da hantsi muna gindin duwatsu. Ƙofa biyu muka wuce a rufe kamar yadda taswirar ta nuna, ta uku kuwa a buɗe, da rumfa da wani ma'aikaci matashi mai jan ƙyalle a damtse. A nan na ga wata al'ada da ban taɓa gani ba. Kafin ka shiga daji, sai ka ajiye wutarka. Akwati ne mai gida-gida, duk mai laita ko ashana ya miƙa, a sa a gida ɗaya, a ba shi 'yar lambar roba, in ya fito ya karɓa. Malam Isufu ya miƙa laitar da ke cikin mota. Ma'aikacin ya dube ni, na ce masa mei yo, wato babu, kalmar da na fi iyawa ke nan saboda kasuwa. Kuma gaskiyata na faɗa. Jakar nan ta bi ta na'urar filin jirgi a Kano, ta bi ta ƙasar da muka yada zango, kullum kuma sai an haska ta a tashar jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari. Ina ashana za ta ɓuya?

Muka hau. Hanya duk tsakuwa, mota na rausaya, ni ina riƙe da ƙofa ina salati amma idona na waje. Gora dogaye, itatuwa masu ganye kamar allura, busasshen ganye a ƙasa ya kai gwiwa. Na ce a raina lallai mutanen nan suna da gaskiya, tartsatsi ɗaya ya isa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana tsaka ba wani duhu ba, muka iso mararrabar. Sai ga wata 'yar bukka ta gora a tsakanin hanyoyin biyu, da wata tsohuwa zaune a kan kututture, 'yar ƙarama, da jan ƙyalle a damtsenta ita ma, amma ya koɗe har ya koma ruwan ƙasa. Ta ɗaga hannu, Malam Isufu ya tsaya, yana cewa shi dai bai san da shinge a nan ba. Ba ta kalli mazan ba sam. Ta zagayo gefena, ta miƙo tafin hannu.

Na ce, "Mei yo."

Ta girgiza kai, hannun na nan.

Babangida ya yi mata bayani da yarensu cewa mun ajiye a ƙasa. Ta amsa da wasu kalmomi, ya juyo ya ce, "Umma, wallahi ban ji ko ɗaya ba, wannan ba yaren makaranta ba ne." Malam Isufu ya gwada da na kasuwa, shi ma bai gane amsarta ba. Ita kuwa sai ta nuna jakata, ba ma jakar ba, gefe ɗaya na ƙasanta, ta ƙwanƙwasa wurin da farce sau biyu.

Ni ba tsoro na ji ba a lokacin, so nake na ga ƙarshen abin. Na zazzage jakar a cinyata, carbi, man zafi, goro, ɗan littafina. Babu. Ta sake ƙwanƙwasa wurin. Na zura hannu, sai na ji shafin ciki ya ɗan farke, na tura yatsa biyu, na taɓo wani abu mai kusurwa.

Jama'a, kwalin ashana ne. Irin tamu ta gida. Kuma a bayansa ga sunana da fensir, da rubutun nan mai karkata, harafin farko ya juya baya. Na san kwalin nan kamar yadda na san tafin hannuna. Makon da na fara iya rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci, ba abin da na ƙyale a gidan, bango, murfin tukunya, har kwalin ashanar da ke tagar kicin. Ya ɓace tun Babangida yana sakandare. Jakar kuwa a Canaan na saye ta, shekara biyu kafin ranar.

Na ce, "Innalillahi." Babangida ya ce, "Umma, ina kika samo wannan?" Na ce tambayi wadda ta san yana nan.

Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu kamar yadda suke karɓar abu mai daraja, ta buɗe, tsinke uku ne a ciki, ta nuna mini su na gani, ta rufe. Ta ciro wani ɗan guntun gora mai igiya, da zane a jiki an ƙona da wuta, ta danƙa mini ta naɗe yatsuna a kai. Hannunta ɗumi, a cikin sanyin nan da ni safa biyu na sa. Daga nan ta je ta tsaya a tsakiyar hanyar dama, ta nuna mana hagu.

Nan fa gardama ta tashi. Malam Isufu ya ce taswira dama ta ce, waya dama ta ce, abokansa dama suka ce, hagu kuwa bai san inda ta faɗa ba. Babangida ya sake duba sanarwar ya ce hagun ba ta cikin jerin waɗanda aka rufe, amma ba wanda ya ambace ta. Malam Isufu ya ce, "Hajiya, tsohuwar da ko maganarta ba ma ji za mu bi?"

Na ce a hankali, "Wadda ta san abin da ke cikin jakata, ban sani ba, ina ganin ta fi mu sanin dajinta."

Ya yi ƙwafa ya juya sitiyari hagu.

Hanyar ta yi ta zagaye, muka ratsa wani rafi da ya kusa ƙafewa, muka hau, muka hau, sai kawai duniya ta yi fari. Subhanallah. Kowane reshe an yi masa riga ta gilashi, iska na kaɗawa suna ƙara siririya kamar warwaro. Na ɓalli kaɗan na sa a baki, ba ɗanɗano, ruwan Allah ne kawai, Malam Isufu yana ta yi mini dariya wai Hajiya ta zo China shan bishiya. Muka yi azahar a can a kan kwali.

Ashe hanyar hagun gangarawa take ta bayan dutse, ta dawo da mu ƙofar da muka shiga ba tare da mun sake bi ta mararrabar ba. Muna isowa muka ga an gicciya ƙarfe a hanyar da muka hau da safe, ga motoci biyu irin tamu a gefe, ga 'yan sanda suna rubutu, masu motocin sun yi tsuru-tsuru, an karɓi takardunsu. Babangida ya tambayi ma'aikacin nan matashi. Ya ce tun da safe aka rufe hanyar dama saboda iska ta tashi, sanarwar ce ba ta hau waya da wuri ba, an sa alama a can ciki, waɗannan suka wuce ta, na'urar ɗaukar hoto ta ɗauke su. Yanzu kuma an rufe hawan gaba ɗaya sai bayan sanyi. Ya duba lambar motarmu, ya ce mu ba ruwanmu, hagu a buɗe take. Na ga Babangida ya dafa aljihun da fasfonsa yake.

Malam Isufu ya karɓi laitarsa. Ni ma na miƙa ɗan gorana. Ma'aikacin ya juya shi, ya juya, ya ce wannan ba nasu ba ne, nasu na roba ne, kuma ba su da kowa a mararraba, ba rumfa ba bukka, shi da kansa yake zagaya wurin a babur. Zanen jikin ma ya ce bai san shi ba.

Sai Babangida ya ja ni gefe. Ya ce, "Umma, ba nisa a ƙafa. In na bi ta cikin gorar nan ba wanda zai gan ni, in je in karɓo miki, in kuma ga ko tana nan. Rubutunki na farko ne fa."

Wallahi ba zan ɓoye muku ba, raina ya so. Ba don kwalin kaɗai ba, so nake na sani. Na kalli hanyar, na kalli ƙarfen, na kalli mutanen can da ake rubuta sunayensu. Na riƙe masa hannun riga na ce, "Ba inda za ka. Ita ta tare mu daga hanyar da aka rufe, mu kuma mu saka mata da tsallake ƙarfe? Ajiya ce, ba ta ruɓewa. Shiga mota."

Ya shiga. An sabunta masa takardarsa lafiya, ya gama, yanzu yana aiki a Abuja da 'ya'yansa biyu.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Ranar da na dawo Kano, na shiga kicin zan ɗora shayi, na ƙyasta ashana, ba ta kama ba. Na ƙyasta ta biyu, ta uku, har na kusa ƙarar da kwalin. Na ce ta sha sanyi ce. 'Yata Hadiza ta karɓa, ƙyastawa ɗaya ta tashi. Tun daga ranar har yau da nake rubutun nan, ashana ba ta taɓa kamawa a hannuna ba, laita ma sai dai ta yi ƙyas-ƙyas. An kawo mini sabuwa dal, an gwada a gaban mutane, an yi mini addu'a. Lafiyata ƙalau, ina girkina, amma sai wani ya kunna mini. Turaren wuta ma sai na aika maƙwabta a ɗebo mini garwashi.

Ɗan goran yana cikin akwatina. Wani lokaci nakan ɗauko shi na duba zanen, ina tunanin ko lamba ce, ko suna ne, in kuma suna ne, na wa. Babangida ya ce zai kai ni da bazara lokacin da hanyoyin ke buɗe. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ina so na sani, amma ban san abin da zan mayar mata ba, bayan ɗan goran nan, in ta miƙo mini tsinkayena uku.

Ni dai shawarata gare ku, in kun je ƙasar mutane kuka ga sun gicciya ƙarfe, ku nemi hanyar da ke buɗe komai nisanta. In kuma wani ya miƙo hannu ya ce ku ba da wuta, kada ku yi saurin cewa babu. Ku fara laluba jakarku tukuna.