Fuskar Inna da farin bijimi

Da ana mayar da aiki baya, akwai hoto guda da zan sake ɗauka. Ina saurayi ina yawon kasuwanni da kamarar fim, aka kira ni suna wani gidan makiyaya a Dogo-Dogo. Uwar gidan ta tsaya da ƙwarya a hannu, bayanta wani farin bijimi mai manyan ƙahoni. Bijimin ya ɗauke mini hankali, na murɗa idon kamara a kansa. Da aka wanke hoton har ƙudan da ke kunnen dabbar ana gani, matar kuwa ta fito dishi-dishi. Na ce musu haka hoto yake. Ba ta daɗe ba ta rasu, kuma ba ta da wani hoton.

Bana 'yarta Adama, wadda take ƙaramar yarinya a lokacin, ta ji cewa ɗiyata tana aikin hotuna da kwamfuta a Damagaram. Ta sa aka turo hoton ta waya, tana roƙon a fito mata da fuskar Innarta.

Da aikin ya kammala, muka tashi da asuba daga garinmu Bande zuwa Dogo-Dogo, ni da ɗiyar tawa, ta rungume jakar kwamfuta kamar jinjiri. An gama girbi, amalanke cike da dammunan gero suna tare hanya, direba yana ta rigima da shanun da ba su san yana yi ba. A Magariya muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, mai suya ta ce laifin wake ne. Kuɗin mota zuwa Dungas ma ya hau, sun ce laifin mai ne. Kowa da wanda yake ɗora wa, kamar ni da kamarata.

A tashar Dungas, muna jiran masu moto, wato babur, ɗiyata ta buɗe kwamfutar a inuwar dogon yaro. Ashe ta gina wurin kaf a ciki: danga, rumbu, bijimin, da mace riƙe da ƙwarya. Fuskar ta haɗa ta ne daga hoton Adama da kwatancen dangi.

"Baba, kamarar da ke cikin kwamfutar nan ba ta da gilashi, lissafi ce kawai," in ji ta. "In na bar ta, na kusa da na nesa duk tar take ganinsu, sai hoto ya fito kamar zanen bangon shago. Ni nake gaya mata nisan abin da nake so ya fito, sannan in buɗa mata ido. Iya buɗawa iya narkewar abin da ke gaba da baya."

Ta ja yatsa, bijimi ya fito, mace ta dushe. Ta mayar, mace ta fito, bijimi ya dushe. Abin da na ɓata sau ɗaya ya zauna, ita tana juya shi yadda take so. Na ce to a yi wa tsohon hoton haka mana. Ta ce a'a, abin da takarda ba ta kama ba ya tafi, wannan fuskar ƙirarta ce.

Daga nan rairayi ne. Mai moto yana tuƙi da ƙafafu biyu a ƙasa, ni ina riƙe da hula da salati. Gonaki sun zama kara, shanu sun shiga suna kiwo, mata na komawa daga rijiya da jakuna.

Adama ta tarbe mu da fura da nono mai kauri, irin wanda ba a samu a gari. Yanzu tana da jikoki, idonta kuma ya fara rauni. Kafin a buɗe komai na gaya mata gaskiya, cewa ba halin hoto ba ne, ni na saita kan bijimi.

"Ai mun sani, Malam mai hoto," ta ce. "Baffa, mahaifinmu, har ya rasu yana cewa da bijimin ne ya biya ka, da ya gode."

Aka yi dariya, ni ban iya ba. Ɗiyata ta juya mata kwamfutar, fuskar ta fito raɗau har da tsagen kumatu. Adama ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Kyakkyawa ce, amma ban san ta ba. Wannan ba Inna ba ce."

Ɗiyata ba ta yi musu ba. Ta fara matsar da saitin a hankali, tsagen ya ɓace, idanun suka yi laushi, sai tsayuwar da karkata kai suka rage. Adama ta kama mata hannu.

"Tsaya nan, 'yar nan. Haka take zuwa mini in na rufe ido." Sannan ta nuna bayan matar. "Shi kuwa wancan a rage masa, ya sha kallo ya isa."

Aka ƙara nisa tsakaninsu, aka buɗa idon kamara. Kwamfutar ta ɗauki lokaci tana lissafi, bijimin ya koma farin gajimare a bayan Inna. Adama ta kira jikokinta su zo su gaida kakar iyayensu.

Washegari muka biyo hanyarmu, muka iso Bande da la'asar, bayana yana ƙorafin moto. Ɗiyata za ta buga hoton a Damagaram ta aika. Na gane cewa injin yana iya gyara saitin abin da ya gina, amma bai iya dawo da fuskar da na bari ta wuce ba. Adama ta yafe mini, hoton dai bai gyaru ba.

Ku da kowa ke da kamara a aljihu, ina roƙonku: in tsohuwa ta tsaya gabanku, ku taɓa fuskarta a gilashin wayar don ta fito sarai kafin ku danna. Kada ku yi irin tawa.