Mota ta Maza, Tukunya ta Mata

Duk layin an san Mai Baro da baki. Shekara da shekaru yana tura baronsa cike da kayan wasan yara na roba, motoci a dama, 'yan tsana da ƙananan tukwane a hagu, yana rera tallarsa: "Mota ta maza, tukunya ta mata, kowa ya kama tasa!" Bawan Allah ba da wata manufa ya ƙirƙiro ta ba. Haka ya ga an zana a jikin kwalayen kayan, shi kuma ya sa wa abin murya, ciniki ya yi ta tafiya.

Sai ga shi autansa tukwanen yake so. Wata rana yaran layi suka tarar da shi durƙushe a ƙofar gida yana dafa yashi da ganye, suka zagaye shi da tafi suna rera masa waƙar ubansa. Har makaranta suka bi shi da ita, sunan Tukunya ya manne masa. Da labari ya kai wa uban, dariya ya yi, wai ai talla ta karɓu. Wallahi dariyar nan ta yi masa tsada.

Auta ya girma ya tafi birni. In an tambayi aikinsa, sai ya ce, "Kamfani." Amma tsohon yana ganin tabon ƙunar mai a hannuwansa, kuma wani direba ya tsegunta masa cewa ɗansa ne babban kuku a wani otal, har layi ake yi wa girkinsa. Daɗi ya kama shi, kunya ta hana shi tambaya. Abu ɗaya yake so kafin ya bar duniya: yaron ya faɗa masa da bakinsa, shi kuma ya ci abin hannun yaron.

Bayan rasuwar matar tsohon, Auta ya zo duba shi. Tun da safe tsohon ya lallaɓa kasuwa da sandarsa, ya sayo nama da albasa da tumatir ya jera a kicin.

"Auta, yunwa nake ji," ya ce. "Ga cefane can. Ko za ka ɗan haɗa mana wani abu?"

Auta ya daɗe yana kallon ƙofar kicin ɗin.

"Ni, Baba? Ai ban iya girki ba. Bari in je in sayo maka."

Da ladabi ya faɗa, har da russunawa, sannan ya sa takalminsa ya fita.