Tagar Inna Tana Jiran Gilashi

Aikin farko yau: buɗe shago, share ɓarɓashin gilashi. Na buɗe. Sharar ta gagara, sai kai-komo nake yi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, bayan gajeriyar jinya, Allah Ya karɓi abinSa. Ka tafi, Baba Mai Gilashi, maigidana tun ina saurayi.

Turancinka kalma ɗaya ce, "sayis", amma ka more ta. Takalmi sayis, loma sayis. Mai cika baki ka ce maganar ta fi sayis ɗinsa. Ranar aurena ka raɗa mini, "To, Malam Ko-dai, ka samu sayis ɗinka." Ko-dai kake kirana, don ba na yanke magana sai na ce "ko dai". A kan teburin yankan gilashi kuwa ba ka wasa da kalmar: "Sayis ba lamba ɗaya ba ce. Tsawo tukuna, sannan faɗi."

Mutane kan zo da igiya mai ƙulli biyu, wai ga awon tagarsu. Sai ka ce, "Hajiya, wanne ne tsaye, wanne ne kwance?" In ba ta sani ba, ba ka mita. Ka ɗauki tef ɗin awo, ka hau keke cikin rana, ka je ka gani da idonka. Gilashi mai zane in aka juya shi furanninsa kwanciya suke yi, kuma abin da aka yanka ba ya komawa.

Ni ke awo, amma ban taɓa ɗora wuƙar yanka ba sai ka leƙo ka gyaɗa kai. Yanzu ga tagar ɗakin Inna, matarka, da ta fashe kana kwance. Ka ce ka ajiye mata fallen gilashi mai furanni, in ka tashi za ka sa. Shi kaɗai ya rage a shago. Jiya da na je gaisuwa ta nuna mini kwalin da aka toshe wurin da shi, ya jiƙe sharkaf.

"Ɗana, feshi na shigowa har gado. Ko in sa a kira wani?"

Na ce, "Ko dai..." Anya zan iya yankawa ba ka nan?

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa aljanna ce makoma. Inna, yara da jikoki, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Gobe:
Mayar da tabarmin aro.
Share shago.
Sake awon tagar.
Kafin komai, in biya wajen Inna in ce kada ta kira kowa.